Ranar da Haulatu Ta Kira Sunan Surukinta

"Wai ke mi ya haɗa ki da imajansi ne, Haulatu? Ɗakin haihuwa cika ya yi?"

Badaru ne, saurayin da zai aure ta, ya yi tambayar. Yana tsaye a zauren gidansu Haulatu a Kankia bayan la'asar, ko mukullin babur bai sa a aljihu ba. Daga Dudunni ya taso takanas, don ta faɗa masa a waya cewa an ba ta gurbin karatu a Kano.

Haulatu ta gyara mayafinta. "Yaya, ban ce ya cika ba. So nake in ƙware a aikin taimakon gaggawa. Kuma karatun sai bayan biki ne fa..."

"Bayan biki! Amarya a Kano, ango a Dudunni yana hira da shanu?"

"Ba kai ka ce ko bangon duniya zan je neman ilmi za ka raka ni ba?"

"Lokacin ina neman shiga ne. Mai neman shiga ko mi ya faɗi ba a riƙe shi."

Ta yi dariya, shi ma ya so ya yi, amma ya danne. Ya zauna a bakin tabarma, ya rage murya.

"Hasken idona, ki fahimce ni. Na faɗa wa Baba ke nas ce, aikinki na mata ne da jarirai. A kan haka ya sa albarka."

"To ai ƙarya ka yi mashi."

"Ban yi ƙarya ba. Ragewa na yi."

Ragin gaskiya ƙarya ce da ta yi wanka ta sa turare. Samarin yanzu sun iya ta, kuma ba su san ranar da za ta kama su ba.

Haulatu ta ce, "Ranar da mota ta buge ƙanina Abba a bakin titin Katsina, kana jin mutum nawa suka taru a kansa? Wani na yayyafa mashi ruwa, wani na fifita, wani na salati. Babu ko ɗaya da ya san a danne inda jini ke zuba. Ina tsaye da tiren talla ina kallo... Yaya, ni ba ni ƙara tsayawa ina kallo."

Badaru ya sassauta. Malamin firamare ne a Kusada, ya iya magana gaban yara, amma gaban Haulatu kullum shi ke saukowa.

"Shi ke nan, rabin raina. Zan san yadda zan gaya wa Baba. A hankali."

Bai gaya masa ba.

Kada wani ya ɗauka Haulatu fitsararriya ce don tana aikin asibiti. Tun ranar da aka kawo kayan sa-rana ba ta ƙara furta sunan mahaifin Badaru ba. Akwai wani mai shago a layinsu mai suna Ɗalhatu, ta koma ce masa Mai Sunan Baba, har unguwa ta ɗauka. Wata rana ta hango mahaifin Badaru a kasuwa, ta bar cefane a hannun mai kayan miya ta faɗa lungu, takalminta ɗaya ya tsaya a hanya. Da labarin ya isa Dudunni, Malam Ɗalhatu ya yi murmushi ya ce wa matarsa, "Kubura, yaron nan ya samo mana ɗiyar mutane."

Damina ta faɗi, aka shiga huɗa.

Da hantsi wata akori-kura ta tsaya a ƙofar imajansin asibitin Kankia, inda Haulatu ke aiki, da ƙarar birki. Maza suka diro, laka har gwiwa, suna ɗauke da mutum a cikin tabarma, jini na ɗiga ta ƙasanta.

"Ku taimaka! Sa ne ya soke shi! Wajen ɗaura garma!"

Likita yana ɗakin tiyata da wata mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama. Nas namiji da ke aiki ranar ya raka wani mara lafiya Katsina a motar asibiti. Mutum biyu suka rage: Sista Murja, babbar nas, sai Haulatu.

Haulatu ta ja safar hannu ta nufi gadon da gudu. Fuskar Badaru ta fara gani, rigarsa jina-jina. Sannan ta dubi wanda aka shimfiɗe.

Malam Ɗalhatu ne. Ta tsaya cak.

Sista Murja ta riga ta kama hannun dattijon tana neman jijiya. "Haulatu! Almakashi! Yanke wandon nan!"

"Sista... surukina ne..."

"Ko ubanki ne! Jini bai san suruki ba! Yanke!"

Ƙanin dattijon, Baffa Mamuda, ya sha gabanta. "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah! A nemo namiji!"

"Kafin namiji ya zo kun yi sallar gawa," in ji Sista Murja. "Ku fita ku ba mu wuri!"

Ba su fita ba. Aka ja labule, bai rufe ko rabi ba.

Haulatu ta dubi jinin da ke tsartuwa. Ta ga titin Katsina, ta ga tiren talla. Ta sa almakashi tun daga ƙafar wando har mazagi, ta yaye. Ƙahon ya shiga can sama a matsematsi, inda ko ɗan cikinsa ba zai so ya kalla ba. Ta cusa auduga, ta dunƙule hannu ta danne. Jinin ya fi ƙarfinta. Ta hau gadon, ta sa gwiwa, ta ɗora duk nauyinta a kan hannun.

Baffa Mamuda ya kama baki. "Innalillahi..."

"Yana tafiya!" Sista Murja ta ɗaga murya tana rataye ledar ruwa. "Kada ki bari ya yi barci! Kira shi!"

"Baba... Baba..."

"Wane Baba? Duk dattijo Baba ne! Mai bakin mutuwa sunan da uwarsa ke kiransa yake ji. Sunan yanka, Haulatu!"

Ta ɗaga ido ta dubi Badaru. Badaru ya dubi ƙasa.

"Ɗalhatu!"

Dattijon bai motsa ba.

Ta sa hannunta na hagu ta bubbugi kumatunsa da ƙarfi. "Ɗalhatu! Buɗe idonka! Ɗalhatu!"

Ya buɗe.

Da bai buɗe ba da ya mutu. Da ya buɗe kuma, abin da ya gani ke nan: yarinyar da ta taɓa barin takalmi a kasuwa don kunyarsa tana durƙushe a kansa, shi kuwa babu sutura, ƙannensa na tsaye. Ya miƙa hannu yana lalubar bakin rigarsa ya rufe jikinsa. Ta riƙe hannun.

"Kada ka motsa!"

Ya juya fuska. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa, kuma ba zafin ƙaho ne ya kawo shi ba.

Ba ta ɗaga hannunta ba sai da likita ya fito aka tura shi tiyata. Badaru ya ba da jini. Malam Ɗalhatu ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, sai da sanda.

A ɗakin jinya, duk lokacin da ya ji takun Haulatu sai ya juya ya fuskanci bango. Inna Kubura ta tare ta a baranda, ta riƙe hannayenta biyu tana kuka.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Allah ya ba ki masu jin ƙanki. Da yanzu ina takaba..." Ta share ido da bakin zane. "Amma don Allah, in yana farke, ki turo wata."

Haulatu ta ce to. Ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito don an kawo wani yaro da ya faɗo daga mangwaro.

Baffa Mamuda bai yi ƙarya ba, wannan sai a faɗa. Abin da ya gani ya ba da labari a majalisa, amma bai bar komai ba, har bugun kumatu. Kafin a sallami dattijon labarin ya zaga Dudunni ya isa Kusada. Mata suka ɗauka a bakin rijiya. Ranar da Malam Ɗalhatu ya fara fita da sandarsa, wani abokin wasansa ya ɗaga murya daga gindin bishiya, "A'a, Malam! An ce surukar zamani ta raɗa maka suna sabo!"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya juya ya koma gida, bai ƙara zama a majalisa ba.

Mutanen da hannunsu ya kasa tsayar da jini, bakinsu bai kasa komai ba. Haka muke. Wanda ya tsaya kallo shi ke da labari, wanda ya sa hannu shi ke da laifi.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Badaru ya dawo zauren nan na Kankia. Ya rame. Wannan karon bai tsaya ba, zubewa ya yi a tabarma.

"Baba ya ce bai hana ba."

"Alhamdulillahi!"

"Ki bari in ƙarasa... Ya ce ranar da aka kawo ki gidan, shi zai koma Kafinsoli wajen ƙanwarsa. Ya ce ba fushi ba ne. Ba ya iya haɗa gida da ke."

Haulatu ta dafe bango. "To mu kama haya a Kusada, Yaya. Ba sai na zauna gidan ba."

"Ni kaɗai ne ɗa namiji. Wa zai ɗaga shi in ƙafar ta motsa? Wa zai riƙe garma? Kuma ko mun yi nisa, ranar salla fa? Ranar suna fa? In kin haihu, ta kan katanga za a miƙa mashi jikan?"

"Zan bar imajansi. Kano ma na fasa. In ya ce in ajiye aikin gaba ɗaya, wallahi yau zan ajiye!"

"Na faɗa mashi haka kafin ki faɗa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ko kin ƙona farar rigar, ido ba ya mayar da abin da ya gani."

"Liman fa? Ai addini bai ce na yi laifi ba!"

"Liman ya je har ɗaki. Ya ce lalura ce, ya ce lada ma kika samu. Baba ya ce ya sani. Ya ce, Liman, da zunubi ne da sai a yi istigfari a huta. Kunya ce, ita kuwa ba ku da maganinta."

A cikin gida Umman Haulatu tana daka, taɓarya na sauka, ba ta san ana rushe ɗakin ɗiyarta a zaure ba.

"Ka kai ni wajensa," in ji Haulatu.

"Ba zai dube ki ba."

"Ban ce ya dube ni ba."

Da Umma ta ji, ta ce ta je, amma kada ta ɗaga wa babba murya ko da kuka ne.

Suka isa Dudunni da azahar. Inna Kubura ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin maigida, ta saki asabari. Haulatu ta durƙusa a waje. Ta ƙasan asabarin tana iya ganin gindin sandarsa da takalminsa. Badaru ya tsaya jikin rumbu.

"Baba, ina wuni."

Muryar dattijon ta fito daga ciki. "Lafiya lau, ɗiyata. Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka. Baba... na zo neman gafara."

"Gafarar mi? Ni ya kamata in zo Kankia in durƙusa."

"To ka yi haƙuri ka zauna a gidanka. Ba zan taɓa bi ta gabanka ba. Ko muryata ba za ka ji ba, na yi alkawari."

Aka ji ya yi ajiyar zuciya. "Ɗiyata, na gwada. Wallahi na gwada. Nakan rufe ido in ce ga ki nan kin kawo mani ruwan alwala, kin durƙusa, kin ajiye... sai in ji muryar nan ta asibiti. Tun da uwata ta rasu babu macen da ta kira sunana. Kubura ta tsufa a gidan nan ba ta taɓa ba. Ban ce kin yi laifi ba. Ni ne ba ni iyawa. In na ji takunki a tsakar gida, sai in ji kamar babu riga a jikina."

Inna Kubura ta juya baya tana fyace hanci.

"Zan tambaye ki, ki ba ni gaskiya," in ji dattijon. "Da za a maimaita ranar nan, za ki sake?"

Badaru ya ɗago da sauri. Ya haɗa hannaye biyu yana girgiza mata kai. Kalma ɗaya yake roƙo, ko ta ƙarya ce, wataƙila ta sanyaya zuciyar tsohon.

Haulatu ta dube shi, hawaye na zuba. Ta mayar da ido kan asabari.

"Zan sake, Baba."

"Madalla," in ji shi. "Da kin ce a'a da na raina ki. Kada ki bar aikin nan saboda ni. Akwai uban wani yana nan tafe cikin tabarma." Ya yi tari. "Ku yi aurenku. Kafinsoli ba nisa. Ƙanwata ta share mani ɗaki."

Haulatu ta dubi gidan. Rumbunan da ya gina da hannunsa, turken shanun, dalbejiyar da ya dasa shekarar da aka haifi Badaru, da ɗan dakalin da aka yi masa kwanan nan don ya riƙa miƙe ƙafa. Ta yi sallama, ta tashi.

A bakin gona, kafin su hau babur, ta tsaya.

"Yaya."

"Kin ji dai ya ce mu yi. Da bakinsa ya faɗa!"

"Na ji. Ka ji yadda ya faɗa?"

"Haulatu, kada ki yi mani haka..."

"Na danne jininsa don ya koma gidansa ne. Ban danne don in fidda shi daga ciki ba. Gurgu, da furfura, ya je ya zauna cin tuwon mijin ƙanwa, ni kuwa ina shara a tsakar gidansa? Da wane ido za ka riƙa kallona? Yau kana sona. Ranar da aka aiko daga Kafinsoli cewa ya faɗi a bayi babu mai ɗaga shi fa?"

"Zan riƙa zuwa kullum!"

"Ka sani ba ka iyawa."

Badaru ya tsuguna a kan kunya, tsakanin karan gero, ya rufe fuska. Namiji ne, amma kukan ya fi ƙarfinsa.

"Da na sani... da na ce direba ya wuce da shi Katsina..."

"Da bai kai ba."

"Da na gaya mashi aikinki tun farko..."

"Da ƙahon bai canja wuri ba, Yaya."

Ya nemi wani da-na-sanin bai samu ba. Ba su da wanda za su zaga, ba su da wanda za su kai ƙara. Ya goya ta har Kankia, bayan rigarsa ya jiƙe.

Aka mayar da kayan sa-rana Dudunni. Malam Ɗalhatu ya ce a mayar mata, nata ne. Umma ta ce ba za ta riƙe ba. Kaya suka yi ta kai da kawo tsakanin garuruwan biyu har goron ciki ya bushe.

Kunya ado ce, babu mai musu, kuma gidan da babu ita kango ne. Amma wanda ya ce ba ta cin mutum bai zauna da mutane ba. Ta ci Haulatu, wadda ta fi duk 'yan matan layinsu ita. Masu dariya a gindin bishiya kuwa ko ƙwarzane ba ta yi masu ba.

Bayan girbi, a watan da aka sa za a kai ta ɗakinta, Haulatu ta tafi Kano.

A ajin gwaji aka shimfiɗe wani mutum-mutumin roba a kan gado. Malamar ta dubi ɗalibai.

"An kawo maku shi ba ya motsi. Me za ku fara yi?"

"A kira sunansa da ƙarfi, a ga ko zai amsa," suka ce.

"Ke ta Katsina, zo ki nuna mana. Ba shi kowane suna kike so."

Haulatu ta fito. Ta sunkuya a kan robar, ta dafa kafaɗarsa yadda ake yi. Ta buɗe baki.

"Baba..." ta ce a hankali. "Baba, ka buɗe ido."

'Yan aji suka yi dariya.

"Suna na ce, kuma da ƙarfi," in ji malamar. "A haka ko mai barcin rana ba zai tashi ba. Sake!"

Hannun Haulatu yana kan kafaɗar, daidai inda ya kamata. Hawaye ya ɗiga a kan ƙirjin robar. Ta sake buɗe baki, muryar ta ƙi fita.